Dodon Turai ko Gizon gida: wanne za a ba ɗan JSS?

Yaron da ke tsakanin shekara 11 zuwa 14 labarin kasada da aljanu yake so, wanda zai sa shi dariya har ya riƙe ciki. Littattafan labari iri biyu nake gani a hannun ɗalibaina a Tudun Wada, Kaduna.

Na Turai yana da kyan takarda da zane, ga dodo mai aman wuta, kuma yana ƙara wa yaro Turanci. Sai dai barkwancinsa kan wuce su, don wasa ne da kalmomin da ba nasu ba.

Na gida kuwa, ranar da na karanta musu labarin da Gizo ya yaudari sarkin kadoji a Kogin Kaduna, ya gudu ya ɓuya ƙarƙashin gadar Lugard ta Gamji, Ƙoƙi na biye tana masifa, wata yarinya sai da ta kifa kai a benci don dariya. Sun san kogin, sun san daga kada aka samo sunan garin. Matsalar na gida ƙaranci: sai ka zagaya shaguna kafin ka samu ɗaya mai kyan bugu.

Ni dai na gida nake fara miƙa wa ɗan aji 1.