Wuƙar aljihun Suwizalan: abin da za ta yi muku a gida da abin da ba za ta yi ba

Abin da ya fi ba mutumin gida mamaki a nan Suwizalan shi ne wuƙar aljihu ma tana da kayan gyara. Tsinken sakacen da ke maƙale a mariƙin wuƙar kamfanin Victorinox ya ɓace? Ana sayar da shi shi kaɗai. Haka ɗan hantsakin, haka ɗan siririn sifirin da ke buɗe almakashin, har jan marfin mariƙin idan ya tsage. Tsoho zai kawo wuƙar da ya gada, bakinta ya cinye saboda wasawa, a karɓa a aika masana'anta a sa mata sabon baki. Kamfanin yana garin Ibach tun 1884 da Karl Elsener ya kafa shi, kuma yana ba da garanti na har abada kan aibin ƙarfe ko na ƙira. Mu kuwa almakashi ya saki, sai a jefa shi bayan ɗaki a sayo wani na jabu.

Amma duk da haka kada ku riƙa aiko saƙon "a taho mini da mai kayan aiki da yawa". Samfurin SwissChamp mai aiki 33 nauyi ne kawai, yaga aljihun kaftani za ta yi. Girmansu da milimita ake faɗa. Classic mai 58 ta maƙullai ce, ta yanke farce da zare. Masu 91 su ne na yau da kullum, kuma nan ake kuskure: Spartan da Huntsman suna ɗauke da murɗaɗɗen ƙarfen cire toshiyar kwalbar giya, wanda yawancinmu ba abin da zai yi mana. Tinker ce ta dace, domin a gurbinsa sukudireba mai baki huɗu aka sa.

Ga inda suka gaza. Bakin masu 91 ba ya kullewa, wani sifiri ne kaɗai ke riƙe da shi. Ka soka shi a itace ko fata mai tauri ka danna, sai ya naɗo kan yatsunka. Mai son kulle ya nemi masu 111, irin wadda sojan ƙasar ke riƙewa. Ƙarfen kuma ba ya tsatsa, amma yana da ɗan laushi, kaifinsa ba ya daɗewa a kan igiya da kwali. Sauƙinta shi ne ɗan gogawa kaɗan a dutse ya dawo da shi. Ku dai raba ta da injin wasa wuƙa na bakin kasuwa, zafinsa na kashe ƙarfe, kuma a zama ɗaya zai cinye rabin bakin.

Batun Layya kuwa, a bar shi. Bakin da bai kai santimita 7 ba ba na yanka ba ne, ba na fiɗa ba, ga jini da kitse suna shigewa cikin mahaɗa su daskare. Nan kam wuƙar maƙeranmu ta fi ta nesa ba kusa ba, wadda mahauci zai goga sau biyu a wani ƙarfe ta koma kamar aska. Duk tsaftar shagunan nan, babu mai wannan kamshin gawayi na maƙera.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar wuƙar Suwizalan. Idan ta fara cijewa, a buɗe bakunan a karkaɗa ta cikin ruwan ɗumi, a shanya ta bushe sarai, a ɗiga man keke ɗigo ɗaya a kowace mahaɗa. Ban da man gyaɗa, danƙo yake yi. Kuma don Allah a daina ɓamɓare murfin gwangwani da tsinin wuƙar, ga abin buɗe gwangwani nan a jikinta, garantin bai shafi tsinin da mutum ya karya da hannunsa ba.

Mai tahowa da ita ya sa ta a akwatin da za a auna, ba a jakar hannu ba.