Sharhi kan masu wankin rufin ɗakin gilashi a Manchester

Na kira wani kamfanin wanke-wanke da ke unguwarmu domin su wanke rufin ɗakin gilashin da ke bayan gidanmu, saboda gansakuka ta rufe shi har haske ya daina shigowa yadda ya kamata. Duk wanda ya zauna a wannan yanki na Ingila ya san ruwan sama ba ya daɗewa bai sauka ba, kuma rufinmu arewa yake fuskanta, ba ya samun ranar da za ta busar da shi.

Da farko na yaba da aikinsu ƙwarai. Sun kwashe ruɓaɓɓen ganyen da ya toshe indararo tun lokacin kaka, sun goge farar robar da ke riƙe da rufin har ta koma fara ƙal, kuma sun yi aiki da doguwar sanda mai burushi mai laushi da tataccen ruwa, wanda ba ya barin tabo idan ya bushe. Babu wanda ya taka rufin, kuma wannan ya kwantar mini da hankali.

Abin ya lalace ne da suka iso ƙololuwar rufin, inda gansakukar ta yi kauri. Sai ɗaya daga cikinsu ya ɗauko injin feshin ruwa mai ƙarfi, irin wanda ake wanke daɓen tsakar gida da shi. Na gaya masa cewa rufin nan ba gilashi ba ne, faifan polikabonet ne, wato wani irin filastik mai tauri, mai ramuka a jere a cikinsa, kuma siririyar roba da tef ne kawai suke tsare bakin ramukan, amma ya ce kada in damu. Ƙarfin ruwan ya ɗaga robar a gefe guda. Da aka yi ruwa na gaba, yoyo ya sauka daidai kan kujerar da mahaifiyata take zama da safe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwan ya shiga cikin ramukan faifan, ya zama raɓa, daga baya kore ya tsiro a ciki, inda babu burushin da zai kai.

Da na kai ƙorafi, sai suka ce robar ce ta tsufa. Gaskiya ne roba tana bushewa ta tsage da shekaru, amma wanda wannan ce sana'arsa ya kamata ya duba ta kafin ya ɗora mata ruwa mai ƙarfi haka. Sun dawo sun like wurin da silikon, na kuma ji warinsa kamar na ruwan khal tun daga ƙofar kicin, alhali irin wannan silikon bai dace da polikabonet ba, akwai wanda aka yi domin shi. Yoyon ya tsaya na ɗan lokaci, sannan ya dawo.

Ba zan ce ba su iya aikin indararo da goge-goge ba, amma ba zan sake barin su kusa da rufin ba. Yanzu dole a canza faifan da ya lalace ɗungurungum, kuma har yau kamfanin bai amince zai biya ko da rabin kuɗin ba.