Reign in Blood: minti 29 ba hutawa

Waƙoƙi goma ne a faifan Reign in Blood, duka-duka ba su cika rabin awa ba. Ƙungiyar mawaƙa ta Slayer ta Amurka ce ta fitar da shi a 1986, Rick Rubin kuma ya kula da ɗaukar sautin.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsabtar sautin. Yawancin faya-fayan metal, wato salon kiɗa mai ƙarar jita da ganguna, na wancan zamani cike suke da amsa-kuwwa, har kiɗan ya cakuɗe. A nan an rage ta sosai. Gangunan Dave Lombardo suna fitowa tar. Ko lokacin da yake dukan manyan ganguna biyu da ƙafafunsa cikin tsananin gudu, kana bambance kowane bugu. Jitocin Kerry King da Jeff Hanneman kaifi gare su kamar sabuwar reza, kuma duk da ihun Tom Araya mai rera waƙoƙin, kalmominsa ba sa ɓacewa.

Inda raina bai so ba, jitar bes, mai kaurin sauti, ta nutse ƙarƙashin sauran, sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji ta. Wasu waƙoƙin tsakiya kuma sun yi kama da juna, ga saurin ƙarewa.

Kada a saurare shi ta lasifikar waya, tana cinye nauyin gangunan gaba ɗaya.