Mastarin na intanet da ɗora waƙa a dandamali: abin da na gani a situdiyona na Zariya

Akwai kamfanoni da yawa a intanet yanzu da ke karɓar waƙa daga hannun furodusa, na'urarsu ta yi mata mastarin, wato gyaran sauti na ƙarshe kafin a saki waƙa, cikin 'yan mintuna ba tare da kunnen ɗan'adam ya saurare ta ba, sannan idan mutum ya biya kuɗin shekara su ɗora masa ita a Spotify da Apple Music da Boomplay da makamantansu. Na yi rajista da ɗaya daga cikinsu, na daɗe ina aiki da shi a ƙaramin situdiyona da ke Tudun Wada, kuma abokan sana'a daga Sabon Gari da Samaru sun sha tambayata ko dalolin da nake biya suna biyan buƙata. Abin da nake gaya musu shi ne, ɓangaren rarraba waƙa ya ci kuɗinsa, amma mastarin ɗin ba ya wuce kyawun mikisin ɗin da aka miƙa masa, wato yadda furodusa ya haɗa murya da kayan kiɗa, kuma akwai abubuwa a kiɗanmu da na'urar ba ta san darajarsu ba.

Yin amfani da shi ba shi da wuya. Mutum zai fitar da waƙarsa daga manhajar haɗa kiɗa kamar FL Studio ko Cubase a matsayin fayil ɗin WAV mai 24 bit da 44.1 kHz, ya cire limita, wato abin da ke hana sauti wuce wata iyaka, daga babbar tashar fita, ya bar sarari ta yadda ƙololuwar sautin ba za ta wuce kamar -6 dB ba, sannan ya ɗora. Sai dai irin wannan fayil yana cin kusan megabait 16 a kowane minti, waƙoƙinmu kuwa dogaye ne saboda yawan baitoci da amshi, don haka waƙa mai minti 7 za ta haura megabait 100, kuma wanda ke aiki da datar waya gara ya bari sai dare ya yi, lokacin da sabis ya fi ƙarfi. Bayan ɗorawa manhajar tana ba da zaɓin salo da na ƙarfin sauti, tana kuma barin mutum ya saurari tsohon da sabon a jere kafin ya sauke. A nan ne yawancinmu ke ruɗuwa, domin kunne yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Duk lokacin da zan kwatanta, sai na rage ƙarar sabon har ya yi daidai da tsohon, kuma da na fara yin haka sai na ga cewa rabin abin da nake yabawa ƙara ce kawai.

A waƙoƙin nanaye da na biki, waɗanda aka haɗa kiɗansu gaba ɗaya da fiyano da gangunan cikin kwamfuta, sakamakon ya gamsar da ni. Bes yana zama daram, saman sautin yana buɗewa, kuma waƙar tana iya tsayawa kusa da waɗanda aka yi a manyan situdiyo na Kano ba tare da ta ji kunya ba. Ga furodusan da mawaƙi zai zo masa da yamma yana son waƙar kamu ko ta dina kafin gobe, wannan sauƙi ne babba.

Matsalar ta bayyana ne da na ba shi waƙar da muka ɗauki kalangu na gaske a cikinta. Wanda ya taɓa zama kusa da makaɗin kalangu ya san cewa maganar kalangu tana wuri biyu: bugun farko na sanda a kan fata, da kuma yadda sautin ke hawa da sauka yayin da makaɗin ke matsa igiyoyin a hammatarsa yana saki. Wannan hawa da sauka shi ne ke kwaikwayon karin harshenmu, shi ya sa dattijo zai ji kiɗa daga nesa ya faɗi kirarin da ake yi. Da na zaɓi ƙarfin sauti mafi girma, sai limitar na'urar ta danne kan kowane bugu, ta kuma rage tsakiyar sauti inda jikin kalangun yake, ta ƙara ƙasa da sama kamar yadda ake yi wa kiɗan zamani. Waƙar ta fito da ƙara sosai, amma da makaɗin ya zo karɓar kuɗinsa na kunna masa, sai ya yi shiru har ta kai rabi, sannan ya ce, “Malam, ai wannan ba hannuna ba ne.” Gaskiya ya faɗa, domin bugun da ya yi da taushi da wanda ya yi da ƙarfi duk sun koma tsawo ɗaya, kuma saukar sautin da yake yi a ƙarshen kowace gaɓa ta nutse ƙarƙashin bes.

Gyaran bai fito daga manhajar ba, daga mikisin ya fito. Na koma na sa wa kalangun kompiresa, wato abin da ke rage tazara tsakanin sauti mai ƙarfi da mai taushi, mai sauƙi wadda ba ta saurin kamawa, domin bugun farko ya wuce kafin ta danne, na rage bes da fiyano kaɗan a yankin da kalangun ke magana, sannan na zaɓi ƙarfin sauti mafi ƙanƙanta a manhajar. Ya dawo da rai, ko da yake har yanzu ina ganin injiniyan da ya tashi yana jin kiɗan fada da na mahauta zai fi na'ura sanin inda zai tsaya. Ina tsammanin haka lamarin zai kasance da gurmi da kotso da mandiri, wato duk kayan kiɗan da daɗinsu ke cikin bambancin bugu mai ƙarfi da mai taushi.

Murya ma tana buƙatar a shirya ta kafin a ɗora. Mai sauraron waƙar Hausa baiti yake bi, yana so ya ji kowace kalma, kuma idan bai ji abin da mawaƙi ya ce ba to kiɗa komai daɗinsa ba zai riƙe shi ba. Na lura cewa na'urar tana son ƙara haske a sama, abin da ke sa sautukan s da sh da ts su riƙa sukar kunne, musamman a yankin 5 zuwa 8 kHz, don haka dole a tausasa su tun a mikisin. 'Yan amshi mata, idan aka ninka muryoyinsu aka kuma sa musu Auto-Tune, manhajar gyara karin murya, da yawa, sukan taru su yi kaifi tsakanin 2 da 4 kHz, kuma mastarin yana ƙara fito da wannan kaifin ne. Sai kuma eko, wanda mawaƙanmu ke ƙauna ƙwarai. Duk ekon da ya yi daidai a mikisin zai ƙaru bayan mastarin, saboda matse sauti yana ɗago abin da ke ƙasa, sai a wayi gari wutsiyar kalmar farko ta rufe kan ta biyu. Yanzu nakan rage eko fiye da yadda mawaƙi ke so, in roƙe shi ya yi haƙuri sai ya ji sakamakon ƙarshe. Haka kuma ƙugin janareta ko na fanka da makirfo ya ɗauka, wanda ba a ji sosai a situdiyo, zai fito fili a wuraren da kiɗa ya tsaya, kuma babu wani maɓalli a manhajar da zai cire shi.

Batun ƙarar sauti shi ne wanda na fi so abokan sana'a su fahimta, domin shawarar da ake karantawa a intanet ba a rubuta ta don kasuwarmu ba. Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa kusan -14 a ma'aunin ƙara na LUFS, Apple Music zuwa kusan -16, kuma Spotify yana ba da shawarar kada ƙololuwar sauti ta wuce -1 dB domin kada ta fashe idan aka matse fayil ɗin. Ma'ana, wanda ya matse waƙarsa har ta rasa numfashi don ta fi ta kowa ƙara, a can za a rage ta ne, ya tashi ba ƙara ba daɗi. Amma mafi yawan masu sauraronmu a Zariya da ƙauyukan kewaye ba ta nan suke samun waƙa ba. Suna samunta ne ta Xender da WhatsApp, ko a wajen masu tura waƙoƙi a memori a bakin kasuwa, kuma a waɗannan hanyoyi babu mai daidaita komai, waƙar da ta fi rauni za ta ji kamar an yi ta a ɗaki, musamman idan DJ ya sa ta bayan wata a wajen biki. Saboda haka nake fitar da kowace waƙa kashi biyu, ɗaya mai sarari don dandamali, ɗaya kuma mai ɗan ƙarin ƙarfi a MP3 mai 320 kbps don wayoyi. Manhajar tana sauƙaƙa wannan tunda ana iya maimaita mastarin da wani zaɓi, kuma wannan yana cikin abubuwan da na fi yaba mata. Idan za a tura wa mawaƙi ko gidan rediyo ta WhatsApp, a tura a matsayin dokumen, domin fayil ɗin ya isa yadda yake.

Ba na amincewa da kowane mastarin sai na fitar da shi daga situdiyo. Ƙaramar sifikar waya ba ta iya fitar da bes mai zurfi, wanda ke ƙasa da 100 Hz kusan ba a jin sa ko kaɗan, don haka bes ɗin da ke girgiza ɗaki zai iya ɓacewa gaba ɗaya a hannun mai sauraro idan ba a ɗan ƙara masa kaushi ba yadda zai sami sauti a sama. Yawancin wayoyi da ƙananan sifikokin Bluetooth kuma baki ɗaya suke da shi, su haɗe hagu da dama, kuma na ga zaɓin faɗaɗa sauti na manhajar yana sa amshi ya yi rauni idan aka haɗe. Akwai wani mai Keke Napep da ke ɗaukar fasinja tsakanin PZ da Kwangila wanda nakan ba shi memori ya sa, in zauna a baya in saurara cikin ƙarar inji da hon. Idan na ji baitocin a nan ba tare da na kasa kunne ba, to waƙar ta gama.

Ɓangaren rarrabawa kuwa ya yi mini aiki yadda ya kamata. Spotify ya shigo Najeriya a Fabrairun 2021, kuma ba ya karɓar waƙa kai tsaye daga hannun mawaƙi sai ta hannun mai rarrabawa, haka ma Apple Music, sabanin Audiomack inda mutum zai buɗe shafi ya ɗora da kansa kyauta. Kamfanin yana ba kowace waƙa lambar ISRC mai haruffa da lambobi 12, wadda da ita ake bin sawun waƙa a ko'ina, kuma ya kamata furodusa ya rubuta ta ya adana domin ranar da zai sauya kamfani. Hoton bango yana buƙatar ya zama murabba'i, 3000 a tsaye 3000 a kwance shi ne abin da aka fi nema, ba tare da lambar waya ko adireshin shafi a jiki ba. A kula da sunan mawaƙi sosai, a rubuta shi iri ɗaya a kowane saki, domin sunayenmu suna kama da juna, kuma harafi ɗaya zai iya kai waƙa shafin wani ko ya buɗe wa mutum ɗaya shafi biyu. Wanda ke son masu tsara jerin waƙoƙi na Spotify su duba waƙarsa sai ya gabatar da ita aƙalla kwana 7 kafin ranar saki, abin da ke nufin al'adarmu ta gama waƙa yau a sake ta gobe ba za ta yi ba.

Game da kuɗi, kada kowa ya shiga da dogon buri. Tun 2024 Spotify ba ya biyan komai a kan waƙar da ba ta kai saurare 1,000 cikin wata 12 ba, kuma rahoton kuɗi daga dandamali yakan zo ne bayan wata biyu zuwa uku. Kafin a biya rajista a tabbatar akwai hanyar cire kuɗin zuwa asusun banki na gida, a kuma karanta abin da zai faru da waƙoƙin idan shekara ta ƙare ba a sabunta ba, domin a tsarin da na shiga sauke su ake yi sai an biya wani ƙarin. Waƙar da aka yanko kiɗanta daga fim ɗin Indiya ko daga aikin wani za a iya ƙin karɓarta, ko Content ID, tsarin YouTube na gano aikin wani a cikin waƙa, ya kama ta daga baya. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke aiki da baki kawai tsakanin furodusa da mawaƙi da wanda ya ɗauki nauyi. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, tana kare aiki, amma ba za ta faɗi kason da kuka yi alkawari a tsakaninku ba idan ba ku rubuta ba. Manhajar tana da wurin raba kaso ta yadda kowa zai karɓi nasa kai tsaye, kuma ban ƙara ɗora waƙar kowa ba sai mun zauna mun cike shi tare, an kuma sa hannu a takarda.

Na sabunta rajistata a bana, kuma zan ci gaba da ba na'urar waƙoƙin biki da na fiyano. Kundin da muke shiryawa da kalangu da gurmi kuwa na riga na yi magana da wani injiniya a Kano, zan kai masa kowace murya da kowane kayan kiɗa a fayil dabam, kuma makaɗin zai bi ni mu zauna tare da shi ranar da zai yi aikin.