Bitar jagororin manoma da na je, ga yadda na ganta

To jama'a, tun da na dawo ake damuna da tambaya a kan bitar nan ta kwana biyar da ƙungiyarmu ta tura ni kafin damina, wai ko ta isa mutum ya bar sana'arsa ya je ya zauna a aji kamar ɗan firamare. Ta isa, amma fa ba don abin da yawancinmu muka je nema ba. Sunan masu shiryawar kuma zan bar shi a cikina tunda akwai ƙorafi a maganar.

Ɓangaren noman kansa gaskiya ba sabo ba ne sosai. Duk wanda ya taso a Kano ko Kaduna ko Jigawa ya san noman ƙungiyar horar da manoma ta Sasakawa tun shigowarsu a 1992, wato masara ƙwaya ɗaya a rami, santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin shuka da shuka, taki kuma a auna shi a binne ba a watsa shi sama rana ta cinye ba. Shi aka maimaita mana, sai dai malamin gonar da ya koyar ya sa mun yi lissafin da kanmu muka ga hekta ɗaya tana ɗaukar tsiro sama da 53,000, ni kuwa da na tuna tawa gonar sai kunya ta kama ni. An yi maganar irin masara na SAMMAZ da irin wake na SAMPEA na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, da ƙuduji, da tsutsar masarar nan da ta shigo mana tun 2016, da buhun PICS mai leda biyu a ciki na ajiye wake ba tare da magani ba. Duk da kyau.

Inda kuɗin motata ya fita shi ne rana ta uku da ta huɗu, da aka koma kan yadda ake riƙe mutane. Wata malama ce ta ɗauki darasin, wallahi matar nan ta san ƙungiyoyinmu kamar a cikinmu take kwana, ta tambaya su wane ne nasu shugaban shi ne ma'aji kuma shi ne sakatare, sai aka yi tsit ana kallon ƙasa, ni ma a ciki. Ta nuna mana yadda ake raba muƙaman, a buɗe asusun banki mai sa hannun mutum biyu ko uku, a rubuta duk sisin da ya shigo a littafi a karanto shi gaban kowa ranar mitin, da yadda za a haɗa amfanin gona wuri ɗaya a yi ciniki da murya ɗaya maimakon kowa ya kai buhunsa kasuwa dillali ya yi masa yadda ya ga dama. Har wasan kwaikwayo aka sa mu, ni na fito a shugaban da taki buhu goma ya zo wa mutum talatin. Na sha zagi a wasan nan, kuma irin zagin da nake sha a gida ne sak. Dabarar da na ɗauko ita ce a tsayar da ƙa'idar rabo tun kafin kayan su iso, a gaban mai unguwa, ba sai mota ta sauke ba a fara neman wa ya fi kusa da shugaba.

Yanzu ƙorafi. Takardun da aka raba duk da Turanci, abin da ake haskawa a bango ma haka, alhali rabin ajin boko ɗinsu bai yi nisa ba, wani dattijo kusa da ni da ajami yake rubutu sai da na riƙa fassara masa. Mata ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma su ne ke riƙe da sarrafa gyaɗa da shinkafa a garuruwanmu. Kayan gonar gwaji da aka ce za a kawo mana sai da aka gama noman farko suka iso, na shuka da irin da na saya da kuɗina don kar mutane su ce shugaba ya yi ƙarya. Abinci ba laifi, masauki akwai sauro, ka tafi da gidan sauronka.

Wanda zai je don alawus da satifiket gara ya yi zamansa, alawus ɗin ko kuɗin mota bai cika rufewa ba. Ni na ba su huɗu cikin biyar. In ƙungiyarku ta samu gurbi ku roƙa a ba ku kujera biyu, shugaba ya tafi da sakatare, don ni da na dawo ni kaɗai sai da na yi mitin uku kafin a yarda littafin kuɗi ya bar hannuna ya koma na wani.