Bincike kan koyar da addinin Kirista: a coci za a yi shi ko a kwaleji?

Wata 'yar'uwa a cikinmu, mai karatun digiri na biyu a Kumasi, ta kawo tambaya. Tana son rubuta kundinta a kan koyar da addinin Kirista, wata tara ke gare ta, tana jin Hausa da Tuwi, amma ta rasa inda za ta dosa: makarantar Lahadi da ajin baftisma na coci, ko kuwa kwalejin da ake horar da fastoci da malamai. Ta kuma tambaya ko za ta iya haɗa biyun.

Malama, mu fara da ta ƙarshen. Kada ki haɗa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle a wata tara, kuma ba yawan aiki kaɗai ne dalili ba. Coci tarbiyya yake nema, yaro ya tashi da addu'a da ladabi, ya tsaya cikin bangaskiya. Kwaleji kuwa ilimi take aunawa, da darasi da jarrabawa da maki. Mudun da zai auna ɗaya ba zai auna ɗayan ba. Wanda ya gwada yakan ƙare da rabin kundi biyu a cikin bango ɗaya, ranar kare kundi kuma a nan masu jarrabawa za su fara kama shi.

Bambancin a taƙaice: coci yana da sauƙin shiga da wuyar aunawa, kwaleji tana da wuyar shiga da sauƙin aunawa.

Kafin mu yi nisa, wace kwalejin ma kike nufi? A Gana iri uku ne, kuma ɗalibai da yawa a nan suke fara tuntuɓe. Akwai makarantun tauhidi masu horar da fastoci, irin Trinity Theological Seminary, wadda aka kafa a Kumasi a 1942 ta koma Legon a 1964. Akwai jami'o'i masu zaman kansu da Kiristoci suka kafa, irin Valley View ta 'yan Adventist a Oyibi, da Pentecost a Sowutuom, da Christian Service a nan Kumasi. Sai kuma kwalejojin horar da malamai da mishan ta kafa, kamar ta Presbyterian a Akropong, wadda 'yan mishan na Basel suka buɗe a 1848, da Wesley a Kumasi. Waɗannan na ukun yanzu na gwamnati ne, tun 2018 digirin shekara huɗu suke bayarwa, kuma darasin addini da ɗabi'a da ake koyarwa a cikinsu ya haɗa Kiristanci da Musulunci da addinin gargajiya. Wato idan kika shiga irin wannan kwaleji kina neman ilimin Kirista a cikin aji, ba shi za ki tarar ba. Yana cikin sujadar safe, da aikin faston makaranta, da ƙungiyoyin zumuntar ɗalibai. Ki kuma tuna akwai Musulmi a cikin ɗaliban, wasu 'ya'yan zango ne daga Aboabo ko Nima. Takardar tambayoyin da ta ɗauka kowa Kirista ne, amsoshinta sun gurɓata tun kafin a fara lissafi.

Batun izini. A kwaleji wasiƙa ce daga sashenku zuwa ga shugaban makaranta ko rijistara, sai a tura ki wurin shugaban sashe, shi kuma ya haɗa ki da malamin aji. Kowane mataki yana iya cin mako guda ko fiye, kuma kusan kowa zai nemi ganin takardar kwamitin ɗa'ar bincike. Jami'ar KNUST ta Kumasi tana da nata kwamitin, Jami'ar Gana ta Legon ma haka. Ki ware wata biyu don wannan. A coci, fasto yana iya ce miki "ki zo ran Lahadi" a tsaye a bakin ƙofa. Daɗi ke nan, amma izinin baki ba ya shiga kundi, kuma idan aka yi wa faston canjin wuri ya tafi da izininki. Ki karɓi rubutacce, daga wanda ke da ikon bayarwa. A Presbyterian majalisar dattawan ikilisiya ce ke zama a kan irin wannan. A Methodist akwai babban fasto mai kula da da'ira a saman faston ikilisiya. A Cocin Pentecost dattijo ne ke jagorantar ƙaramar ikilisiya, fasto yana kan gunduma ne, don haka ki gaida dattijo amma wasiƙa ta je wa fasto. Da ɗan gari akan ci gari: ki nemi shugabar malaman yara tun farko, domin ita ce za ta tara miki iyaye.

Takardu kuma, kwaleji ta yi wa coci nisa. Akwai manhaja a rubuce, da tsarin kowane kwas, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da rijistar ɗalibai. Hukumar GTEC mai kula da manyan makarantu, wadda dokar 2020 ta kafa, ba ta amincewa da kwas sai an miƙa mata tsarinsa a rubuce, saboda haka takardar tana nan ko da za a ja miki rai kafin a ba ki. A coci, manyan ɗarikoki suna buga littafin darasin makarantar Lahadi, amma ko malamin yana bin sa wata magana ce daban. A ƙananan majami'u kuwa ba littafi sam, abin da malama ta shirya daren Asabar shi ne manhaja. Rijistar halarta ma takan yi giɓi na makonni. Wannan ba aibi ba ne ga bincikenki. Tazarar da ke tsakanin littafin da hedikwata ta buga da abin da ake faɗa wa yara a ƙarƙashin rumfa ita kanta kundi ce guda, kuma a ganinmu ta fi yawancin batutuwan da ake maimaitawa amfani.

Yanzu lissafi. A ce ɗalibai 400 ne a kwalejin. Da ƙa'idar Yamane ta lissafa yawan mutanen da za a tambaya, da kuskuren kashi 5 cikin ɗari, mutum 200 kike buƙata. Ki buga takarda 230 saboda waɗanda za su lalace, ki raba a aji, ki tsaya ki karɓa a take. Cikin mako biyu kin gama. Kafin nan ki gwada takardar a kan mutum 20 zuwa 30 waɗanda ba sa cikin samfurinki, ki duba ma'aunin Cronbach, mai nuna ko tambayoyin abu ɗaya suke aunawa, idan bai kai 0.7 ba ki gyara tambayoyin. A coci ƙa'idar Yamane ba ta da wurin tsayawa, domin ba wanda zai gaya miki ainihin adadin da za ki ɗora ta a kai. Na rijista daban, masu zuwa kullum daban, masu zuwa Kirsimeti da Ista daban. Yara 100 na coci ɗaya kuma ba daidai suke da yara 100 na coci goma ba, tunda malami ɗaya ne ya koyar da su duka, amsarsu za ta yi kama. Shi ya sa a coci hira da zaman kallo suka fi takardar tambayoyi.

Sai dai ki san tsadar hira. Hira 15, kowace minti 45, awa 11 ne da 'yan mintuna. Juya awa guda ta magana zuwa rubutu yakan ci awa huɗu zuwa shida, wato wajen awa 55 ke nan, fassara zuwa Turanci ba ta ciki. Zaman kallo ma yana da nasa ƙunci. Kwaleji tana buɗe kwana biyar a mako, makarantar Lahadi kuwa awa ɗaya ce ko ɗaya da rabi a mako. Wata uku Lahadi 12 ne ko 13. Duk majami'u kuma da safe suke yi, ba za ki raba kanki uku ba. Coci biyu, Lahadi shida kowanne, shi ne abin da zai yiwu. Ki jefar da bayanan makon farko, domin ranar kowa wasan kwaikwayo yake yi wa baƙuwa.

Kalanda tana cin mutane a ɓangarorin biyu. A kwaleji, makonnin jarrabawa, da hutu, da lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke fita koyarwar gwaji, da yajin aikin malamai wanda ya sha tsayar da karatu. A coci, bikin girbi na ƙarshen shekara, da tarukan Ista, da Lahadin godiya bayan jana'izar Asabar, wanda a Kumasi ba sai an gaya miki ba. A majami'un da 'yan arewa suka fi yawa, wasu kan koma gida lokacin noma. Idan kin shirya gwajin farko da na ƙarshe, ki sa ran yaran da suka yi na farkon ba duka za ki samu a na ƙarshen ba, kuma waɗanda suka rage su ne masu naci dama. Sakamako zai nuna ci gaba ko da darasin bai yi komai ba.

Harshe shi ne inda muke so ki fi natsuwa, domin a nan ƙarfinki yake, a nan kuma ramin yake. A kwaleji da Turanci za ki yi komai. A cocin da ke Asawase ko Aboabo, ko Nima da Madina a Akra, za ki iya jin wa'azi da Tuwi, waƙa da Farafara ko Kusasi, gaisuwa da ciniki da Hausa. Hausa ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnatin Gana, don haka da yawa masu jin ta ba su saba karanta ta ba. Kada ki miƙa musu takarda, ki karanta musu, ki cika da hannunki. Sannan kalmomin addini. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, kuma kalmominsa na cikin maganar yau da kullum ne, amma da wata ma'ana. "Alheri" a bakin fasto kyautar Allah ce wadda mutum bai cancanta ba. A bakin mai sayar da koko, kirki ne ko 'yar kyauta. "Almajiri" a coci mabiyin Yesu ne, a unguwa kuwa kin san wanda ake nufi. Haka "ceto", haka "tuba". Idan kika tambayi yaro ko ya san alheri, zai ce i, ke kuma ki rubuta ya fahimci darasi. Maganinsa biyu ne. Wani ya fassara tambayoyin zuwa Hausa, wani daban wanda bai ga na asali ba ya mayar da su Turanci, ki gwama. Na biyu, kada ki tsaya a kan i ko a'a, ki ce ya ba ki misali. A wannan fanni ki leƙa cibiyar Akrofi-Christaller da ke Akropong, wadda marigayi Kwame Bediako ya jagoranci kafawa a 1987. Tauhidi cikin harshen uwa shi ne ginshiƙin aikinsu, ɗakin karatunsu kuma ya cancanci kuɗin mota.

Akwai ƙaryar ladabi a duka wuraren. Ɗalibin tauhidi yana tsoron amsarsa ta isa kunnen waɗanda za su naɗa shi fasto, mai zuwa coci kuma ba zai kushe malamin da ke tsaye a gefensa ba. Kada fasto ko malamin aji ya raba miki takarda ko ya karɓa. Kada a yi hira a ofishin fasto.

Ɗaliban kwaleji manya ne, sa hannunsu ya isa. A makarantar Lahadi yara ne, kuma dokar yara ta 1998 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Kina buƙatar yardar uwa ko uba ko mai riƙo, da yardar yaron kansa, kuma kada ki keɓe da yaro a ɗaki, wani babba ya kasance inda zai hango ku. Dokar kare bayanai ta 2012 ta shafi muryoyin da ke cikin wayarki, ki sa musu makulli. Ɓoye suna kaɗai ba ya isa a ƙaramin coci. In kin rubuta shekarun malama da unguwarta da sana'arta, kowa ya gane ta. Wannan ya fi nauyi ga wanda danginsa ke wani addinin, wanda maganar da ya yi miki a asirce za ta iya taɓa zamansa da gidansu. Ki sauya duk abin da zai nuna shi, ko ki bar labarin.

Wajen ka'idar da za ki jingina aikin, kusan kowane kundi yana ɗauko matakan bangaskiya na James Fowler na 1981, wato bayaninsa na yadda bangaskiya ke girma a mutum mataki-mataki. Ba laifi, amma a Arewacin Amurka ya yi hirarrakinsa. Ki gwada ta ki ga ko ta dace da yaron da ke tashi tsakanin ƙararrawar coci da kiran salla, kada ki tura shi cikinta da ƙarfi. Ki kuma shiga rumbun kundaye na intanet na KNUST da na Legon ki ga abin da aka riga aka yi. Idan tarihi ya ja ki, akwai ma'ajiyar takardun gwamnati ta PRAAD a Akra da reshenta a Kumasi, sai dai rahotannin mishan ɗin Basel yawanci da Jamusanci suke, da tsohon rubutun hannu.

To wanne? Idan mai duba aikinki lissafi yake so, ko kina aikin da ba zai bar ki ki yi wata uku kina zaman Lahadi ba, ɗauki kwaleji guda, ki tura wasiƙarki a wannan makon. In ba haka ba, mu coci muke ba ki shawara. Kowane ɗalibi mai Turanci zai iya raba takarda a kwaleji, amma mai iya zama da iyaye a zango ta yi hira da Hausa da Tuwi ba su da yawa. Ki zaɓi coci biyu masu bambanci, ɗaya na tsohuwar ɗarika mai bugaggen littafin darasi, ɗaya ƙarami marar shi. Wata biyu na farko ga izini da karatu, uku ga Lahadi 12 da hira 15, biyu ga ƙarasa juya murya da nazari, ɗaya ga rubutu, na tara ki bar shi ga gyaran mai duba aiki. Kowace hira ki juya ta zuwa rubutu a makon da kika yi ta, ki kuma ajiye kwafin muryar a wuri na biyu ban da wayarki.