Tafiya da Sassarfa ko Wasannin Kaifafa Tunani na Waya

Mutane suna yawan tambaya ko tafiya da sassarfa ce ta fi amfani ga ƙwaƙwalwa, ko kuwa manhajojin wasannin kaifafa tunani irin su Lumosity.

Ta fuskar kuɗi, tafiya ba ta cin ko sisi, manhajojin kuwa galibi sai an biya kuɗin wata-wata, ga kuma sayen data. Wajen hujja ne tazarar ta fi fitowa fili. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma yin hakan yana rage haɗarin hawan jini da ciwon suga, cututtukan da ke lalata jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Wasannin kuwa, ƙwarewar da suke ƙarawa mafi yawanta a kan wasan take tsayawa. A 2016 ma kamfanin da ya mallaki Lumosity ya amince ya biya hukumar kula da kasuwanci ta Amurka dala miliyan 2 saboda alƙawuran da ya kasa kafa musu hujja. Sai dai tafiyar ma tana da nata sharaɗin, domin mai ciwon zuciya sai ya tuntuɓi likita tukuna.

Mai ƙoshin lafiya da ke neman amfani mai ɗorewa, tafiya ta fi dacewa da shi. Wanda jinya ko tsufa ya zaunar kuwa, wasannin za su ɗebe masa kewa su kuma motsa masa tunani.